Yaran Trenchard

Aikin farko da ake ba yaron da ya shiga makarantar Halton, a ganin ido, bai haɗa komai da jirgin sama ba. Za a tsayar da shi gaban benci, a miƙa masa guntun tagulla da magagari, a ce ya yi ta gugarsa har ya zama ɗan dunƙule mai fuska shida, kowace fuska daidai da 'yar'uwarta. In ya gama, sai a ba shi farantin ƙarfe ya huda rami mai kusurwa huɗu a tsakiya, ya yi ta gyaran bakin ramin har dunƙulen ya riƙa shigewa ta kowace fuska aka juya shi, bai cije ba, bai kuma yi lako-lako ba. Malamin zai ɗaga aikin sama, ya kanne ido ɗaya, ya duba ta hasken taga. Da zarar haske ya ratso ta wani gefe, shi ke nan, yaro ya koma benci. Tafin hannu ya yi bororo, bororon ya fashe ya zama kanta, garin tagulla ya shige ƙarƙashin farce, yaron ɗan shekara goma sha biyar ko sha shida yana ta tambayar kansa yaushe ne za a bar shi ya taɓa jirgin da ya baro gidan iyayensa dominsa.

Da wannan dunƙule rundunar sojan saman Birtaniya ta riƙa karɓar yaranta, kuma kimanin yara dubu arba'in ne suka bi ta wannan tsari daga 1920 zuwa 1993. Su ne suka zama makanikan da suka riƙe jiragen yaƙin ƙasar a sama a lokacin da ta fi bukatarsu.

Mutumin da ya ƙirƙiro tsarin, Hugh Trenchard, shi kansa ba gwanin makaranta ba ne. An haife shi a 1873, ya sha faɗuwa jarrabawa, da ƙyar ya samu ya shiga sojan ƙasa. Harsashi ya huda masa huhu a yaƙin Afirka ta Kudu a 1900. Daga 1903 zuwa 1910 yana kudancin Najeriya, inda ya jagoranci sojojin mulkin mallaka a hare-haren murƙushe garuruwan da suka ƙi miƙa wuya, musamman a ƙasar Ibo, har ciwon hanta mai tsanani ya kwantar da shi, aka kwashe shi zuwa gida. Wannan ɓangare na tarihinsa ba abin yabo ba ne, kuma bai kamata ɗan Najeriya ya karanta sunansa ba tare da ya san da shi ba. Sai da ya kai shekara 39, a 1912, ya koyi tuƙin jirgi, kuma bai zama wani shahararren matuƙi ba. Baiwarsa ta tsara mutane ce. Kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ƙare shi ke jagorantar jiragen Birtaniya a fagen daga na Faransa, kuma da aka shirya kafa rundunar sojan sama mai cin gashin kanta, wadda ta tabbata ranar 1 ga Afrilun 1918, shi aka fara naɗawa babban hafsanta.

Yaƙin na ƙarewa sai aljihun gwamnati ya bushe. Rundunar da ta kai mutum kusan dubu ɗari uku da jirage sama da dubu ashirin ta tsuke ta koma kamar kashi ɗaya cikin goma na yawanta. Sojan ƙasa da na ruwa suka buɗe baki suna jiran a rushe jaririyar rundunar su raba gadonta. Makanikan da suka yi aikin yaƙin kuwa, galibinsu kafintoci ne da maƙera da masu gyaran mota da aka kwaso daga masana'antu, kuma da aka busa begilar sallama kowa ya tattara ya koma sana'arsa, inda albashi ya fi tsoka.

A nan Trenchard ya yanke shawarar da ta bambanta shi da sauran hafsoshin zamaninsa. A takardar da ya rubuta kan makomar rundunar, wadda Winston Churchill ya gabatar wa majalisa a Disambar 1919 a matsayinsa na minista, ya nemi a zuba ɗan kuɗin da ya rage cikin horar da mutane da gina makarantu, ko da kuwa jiragen za su zama kaɗan. Makarantu uku suka fito daga wannan tunani: kwalejin hafsoshi a Cranwell, kwalejin manyan hafsoshi a Andover, da makarantar 'yan koyon gyaran jirage a Halton. Hujjarsa mai sauƙi ce. Jirgin da aka saya bana zai tsufa cikin 'yan shekaru, kuma in yaƙi ya taso masana'anta za ta iya ƙera dubbai cikin watanni. Amma ƙwararren makanike ba ya fitowa daga masana'anta. Tun da rundunar ba za ta iya gogayya da kamfanoni wajen albashi ba, to ta reni nata da kanta, tun suna ɗanyu.

Halton gandu ne na attajirin nan Alfred de Rothschild, a gundumar Buckinghamshire, arewa maso yamma da Landan, a gindin tsaunukan Chiltern. Ya ba sojoji aron filin lokacin yaƙi, fursunonin yaƙi Jamusawa suka gina manyan rumfunan aiki a cikinsa, kuma bayan rasuwarsa a 1918 gwamnati ta saye gandun gaba ɗaya. Katafaren gidansa ya zama masaukin hafsoshi. Da yake barikin yaran bai kammala ba, rukunin farko, yara ɗari biyu da 'yan kai, a Cranwell suka fara a farkon 1920. Rukuni na biyar ne ya fara sauka a Halton, a Janairun 1922.

Ba kowane yaro ake ɗauka ba. Sai ya ci jarrabawar gasa, ya tsallake gwajin likita, mahaifinsa ko waliyyinsa ya sa hannu. Kuma sa hannun ba na wasa ba ne: bayan shekara uku na koyo, yaron zai yi wa rundunar aiki shekara goma sha biyu, ana fara ƙirgawa daga ranar da ya cika sha takwas. Wato yaron da ko gemu bai fara ba ya ɗaure kansa har zuwa shekara talatin. Duk da haka iyaye suka yi ta tururuwa. A Ingila ta wancan zamani yawancin yara suna barin makaranta ne a shekara goma sha huɗu, kuma ɗan ma'aikacin ma'adinin kwal ko ɗan direban jirgin ƙasa, komai kaifin ƙwaƙwalwarsa, da wuya ya ga ƙofar jami'a. Koyon sana'a a kamfani ma yakan ɗauki shekara biyar zuwa bakwai, wani lokaci har sai uba ya biya. Ga kuma wurin da za a ciyar da yaro, a tufatar da shi, a koya masa sana'ar da ta fi kowace sabunta a duniya, har a ba shi ɗan abin kashewa, wanda a shekarun 1930 yake farawa daga sule guda a rana, shi ma ana riƙe wani abu daga ciki sai zai tafi hutu a damƙa masa.

An raba makon yaro kashi uku. Awa ashirin a rumfar aiki, awa takwas a aji, awa tara a filin fareti da motsa jiki da wasanni. Waɗannan awa takwas na aji su ne suka raba Halton da garejin koyon sana'a da aka saba gani ko'ina, har da namu. Yaron gareji yakan koyi cewa in inji ya yi irin wannan ƙara, ga abin da za a kwance. A Halton ana so ya san dalili. Ana koya masa lissafi, da kimiyyar ƙarfe da zafi, da zanen injiniya, da yadda iska ke ɗaukar fiffike, har da Turanci da tarihi. Malaman ajin masu digiri ne. Amfanin wannan ya fito fili daga baya, domin yaron da ya shiga a 1925 ya koyi aiki a kan jirgin katako da aka lulluɓe da yadi aka ɗaure da wayoyi, a 1940 ya tsinci kansa gaban jirgin ƙarfe zalla mai naɗe tayoyinsa, kafin ya yi ritaya kuma ga jirgin jet marar farfela. Wanda haddar hannu kawai ya iya da tuni an bar shi a baya.

Sana'o'in biyu ne manya. Akwai mai inji, wanda fistan da kafireta da fulogi da bututun mai ke hannunsa. Akwai mai gangar jiki, wanda ke kula da fuka-fukai da wayoyin sarrafawa da tayoyi da birki. Tsohon jirgi mai fiffike biyu, ɗaya bisa ɗaya, wayoyi ne ke riƙe da shi, kuma ɗaure su kamar ɗaure tsirkiyar garaya yake: in wata ta fi wata tauri, jirgin zai riƙa karkata gefe guda a sama, matuƙi ya dawo hannunsa ya gaji da ja. Bayan waɗannan akwai masu bindigogi da bama-bamai, da masu agogunan gaban matuƙi, da masu lantarki. Masu rediyo a wata makaranta dabam ake horar da su, da farko a Flowerdown, sannan Cranwell, daga baya Locking.

Rayuwar barikin ba ta da taushi. Begila ke tashin su da asuba, a gyara gado ya yi kusurwa kamar akwati, a goge daɓe har ya yi sheƙi, a goge maɓallan riga. A hannun hagu na rigar kowane yaro akwai wata alama ta tagulla, farfela mai kunne huɗu a cikin zobe, wadda suke kira wili, sannan launin ƙyallen da ke zagaye da hularsa shi ke nuna ɓangaren da yake. Kullum suna gangarowa daga bariki zuwa rumfunan aiki cikin sahu, ɗaruruwansu, makaɗansu na gaba suna busa algaitar nan mai salka ta 'yan Sikotlan, wani zamani ma har da bunsurunsu na ado mai suna Lewis. Laifi kaɗan, a hana yaro fita, a sa shi fareti da kaya a baya. Manyan rukuni kuma suna juya ƙanana yadda suka ga dama, abin da duk wanda ya yi makarantar kwana ya san ɗacinsa. Akwai yaran da suka yi kukan gida a ɓoye cikin bargo, akwai waɗanda suka gane tun a shekarar farko cewa sun yi kuskuren zaɓi, amma takardar da uba ya sa wa hannu ba ta warwaruwa da sauƙi.

Da suka fara fita zuwa sansanoni, tsofaffin sojoji ba su yi murna da su ba. Mutum ya shekara goma yana fama, sai ga ɗan shekara sha tara ya zo da ilmin littafi yana gyara masa magana, kafin a ankara kuma ya riga shi samun igiyar kofur. Sai suka laƙaba musu suna brats, wato fitsararrun yara, yaran Trenchard. Yaran suka karɓe sunan suka mai da shi kirari, har yau tsofaffinsu da shi suke kiran junansu.

Abin da ya fi ɗaukar hankali a tsarin shi ne ƙofar da Trenchard ya bari a buɗe a samansa. Daga kowane rukuni, 'yan ƙalilan da suka fi kowa za a tura su kwalejin hafsoshi ta Cranwell kyauta, su zauna aji ɗaya da 'ya'yan masu hali waɗanda iyayensu ke biyan kuɗi. Wasu kuma bayan 'yan shekaru a rumfar jirage za a koya musu tuƙi su zama matuƙa masu muƙamin saje. A ƙasar da asalin mutum ke yanke masa iyakar inda zai kai, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ta wannan ƙofa Frank Whittle ya bi. Ɗan wani mai ƙaramar maƙera ne, an haife shi a Coventry a 1907. Ya ci jarrabawar shiga, ya isa Halton a Janairun 1923, amma bayan kwana biyu likita ya sallame shi: tsayinsa ƙafa biyar kacal, ƙirjinsa kuma bai kai ma'auni ba. Wani malamin motsa jiki ya tausaya masa, ya rubuta masa irin atisayen da zai riƙa yi da abincin da zai ci. Cikin wata shida yaron ya ƙara inci uku. Ya dawo, aka ce ai ba a gwada mutum sau biyu. Sai ya sake nema kamar sabon shiga, bai ambaci zuwansa na farko ba, aka ɗauke shi, ya fara a reshen 'yan koyo na Cranwell a Satumbar 1923. A ƙungiyar masu ƙera ƙananan jiragen wasa ne kwamandansa ya lura da hannunsa da kansa. Da aka zo rabon guraben hafsoshi a 1926, guraben biyar ne shi kuma ya zo na shida, sai ɗaya daga cikin na gabansa ya faɗi gwajin lafiya. A 1930 wannan tsohon ɗan koyo ya yi rajistar fasahar injin jet, a Afrilun 1937 injinsa na gwaji ya tashi, ranar 15 ga Mayun 1941 kuma jirgin Birtaniya na farko mai irin wannan inji ya ɗaga daga filin Cranwell, inda ya taɓa tsayawa gaban benci da magagari. Saura ƙiris ma'aunin ƙirji ya hana duniya shi.

Ba shi kaɗai ba ne. Dubbai daga cikin yaran sun zama hafsoshi, fiye da ɗari sun kai manyan muƙamai daidai da janar, kuma Keith Williamson, wanda ya shiga a matsayin ɗan koyo a 1945, ya zama babban hafsan rundunar baki ɗaya daga 1982 zuwa 1985, ya zauna kujerar Trenchard.

Sai dai waɗanda suka yi suna ba su ne ainihin amfanin gonar ba. Ainihin amfanin su ne dubban da suka ci gaba da zama a ƙasa, cikin baƙin mai. Da Hitler ya fara ɗaura ɗamarar yaƙi, Birtaniya ta shiga faɗaɗa rundunarta daga 1934. Rundunar da ba ta fi mutum dubu talatin da 'yan kai ba ta haura miliyan guda kafin yaƙin ya ƙare. Yawancin sababbin makanikan ma'aikatan kanti ne da akawuna da manoma da aka ba horon 'yan watanni, har da mata dubbai. Wa zai tsaya a kansu, ya duba aikinsu, ya nuna musu inda suka yi kuskure? Yaran Halton na shekarun 1920 da 1930 ne, waɗanda a lokacin sun zama saje da manyan saje da hafsoshin injiniya. Irin da aka shuka shekara ashirin baya, a lokacin da ba a hango yaƙi ba, shi aka girba.

A kowane jirgi akwai wata takarda da ake kira Fom 700. Duk aikin da aka yi wa jirgin a nan ake rubuta shi, kuma kafin ya tashi sai mai inji ya sa hannu, mai gangar jiki ya sa, mai bindiga ya sa, saje ya duba ya sa nasa, sannan matuƙi ya sa hannu cewa ya karɓa. Matuƙin ba shi da lokacin buɗe murfin inji ya ga ko an ɗaure noti. Ransa ya rataya ne a kan sa hannun wani saurayi da wataƙila bai kai shi shekaru ba. Wanda ya gane nauyin wannan sa hannu zai gane dalilin dunƙulen tagulla. Ana koya wa yaro tun ranar farko cewa "ya kusa daidai" ba ta da wuri a wannan sana'a, kuma in ya ɓata aiki gara ya faɗa da bakinsa da ya rufe da fenti.

A bazarar 1940, lokacin da jiragen Jamus ke ruwan wuta a kan kudancin Ingila, jirgin Spitfire na ɗauke da bindigogi takwas, kowace da harsashi ɗari uku, kuma cikin kamar daƙiƙa goma sha biyar na harbi sun ƙare ƙaf. Dole ya sauko. Yana tsayawa za a yi masa caa: motar mai ta matso, masu bindiga su kwance murafen fiffike su zura sababbin ɗamarun harsashi, su liƙe bakin kowace bindiga da jan ƙyalle don kada sanyin sama ya daskarar da ita, wani ya canza tulun iskar shaƙa, wani ya goge gilashi, mai gangar jiki ya zagaya yana shafa jikin jirgin da hannu yana neman hudar harsashi. Jirgi ɗaya yakan tashi sau uku ko huɗu a yini. Da dare matuƙi ya kwanta, su kuma su kwana canza inji da ɗan hasken tocila, don an hana kunna fitila. Kuma da bama-bamai suka faɗa kan filaye irin su Biggin Hill da Manston, waɗanda ke ƙasa ne suka fi mutuwa.

Tsibirin Malta ya nuna darajar wannan aiki ƙarara. Ranar 20 ga Afrilun 1942 jiragen Spitfire arba'in da wani abu suka taso daga kan jirgin ruwan Amurka mai suna Wasp suka sauka a tsibirin. Ba a yi musu kyakkyawan shiri a ƙasa ba, Jamusawa suka same su a ajiye, cikin 'yan kwanaki kusan duka sun lalace. Ranar 9 ga Mayu aka sake aiko kusan sittin. Wannan karon kowane jirgi akwai maɓoyarsa da ke jiransa, da makanikansa, da sojojin ƙasa riƙe da galan-galan na mai, da sabon matuƙi a tsaye. Cikin 'yan mintuna jiragen suka koma sama, maharan da suka zo yi musu irin ta farko suka tarar da su a bisa kansu. Jirage iri ɗaya ne, matuƙa iri ɗaya, mutanen ƙasa ne suka canza labarin.

Wannan aiki ya ratso ta ƙasar Hausa ma. Jiragen sama na farko da suka sauka a Kano, ranar 1 ga Nuwambar 1925, na wannan runduna ne: guda uku ƙirar DH.9A da suka taso daga Helwan kusa da Alƙahira ƙarƙashin Arthur Coningham, kuma a kujerun baya akwai makanikai, domin babu wani gareji tsakanin Alfashir ta Sudan da Maiduguri. Da Italiya ta shiga yaƙi a 1940 ta toshe hanyar Bahar Rum, sai wannan tsohuwar hanya ta zama jijiya. Ana kawo jirage cikin akwatunan katako ta ruwa zuwa Takoradi a Gana ta yau, makanikai su harhaɗa su cikin zafi da sauro tare da ma'aikata 'yan ƙasa, sannan a tuƙo su ta Legas da Kano da Maiduguri, su ratsa Chadi da Sudan har Masar. Daga Satumbar 1940 zuwa 1943 jirage fiye da dubu biyar suka bi ta nan. A kowane zango akwai ƙaramin ayarin makanikai da ke fama da ƙurar hunturu, wadda ke cin inji kamar yadda take fasa leɓe.

Yaran sun biya nasu kason da jini. Thomas Gray ya shiga Halton a 1929 ya koyi aikin inji, daga baya ya koma cikin jirgi a matsayin mai nuna hanya. Ranar 12 ga Mayun 1940 yana cikin jirgin da ya jagoranci harin wata gada a kan mashigin ruwan Albert a Beljiyam, harin da kowa ya san da wuya a dawo. Ba su dawo ba. Shi da matuƙinsa Donald Garland aka ba su lambar Victoria, mafi girman lambar jarumta a Birtaniya, bayan mutuwarsu. Na ukunsu, maharbin baya Lawrence Reynolds, ƙaramin soja, wanda ya mutu a jirgi ɗaya a daƙiƙa ɗaya da su, ba a ba shi komai ba. Rundunar da ta buɗe wa ɗan talaka ƙofa ba ta gama wanke kanta daga bambancin muƙami ba.

Bayan yaƙi tsarin ya yaɗu. Halton ta karɓi yara daga Pakistan da Silon da Bama da wasu ƙasashe da ke kafa nasu rundunonin, Ostareliya kuma ta buɗe nata a Wagga Wagga a 1948. Najeriya ba ta bi ta hannun Ingila ba a wannan fanni, domin Jamusawa ne suka taimaka wajen kafa rundunar sojan samanta a 1964, amma bukatar ɗaya ce, ita ta haifar da makarantar fasaha ta rundunar a Kaduna a 1977, wadda ta girma ta zama cibiyar AFIT ta yau. Duk ƙasar da ta taɓa sayen jirage masu tsada ta ga sun koma kwanciya a rumfa don rashin mai gyara da kayan gyara ta san abin da Trenchard ya hango a 1919.

Zamani ne ya ci makarantar. A 1972 Ingila ta ɗaga shekarun barin makaranta zuwa sha shida, kwalejojin fasaha da jami'o'i suka buɗe wa 'ya'yan talakawa, don haka Halton ta daina zama ƙofa ɗaya tilo. Jiragen ma sun canza: maimakon a goge ƙarfe a gyara, yanzu akwati ake zarewa a zura sabo, kwamfuta ta faɗi inda ciwon yake. Horon shekara uku a bariki ya yi tsada, kuma da yaƙin cacar baka ya ƙare aka rage sojoji. Ra'ayin duniya kan ɗaure yaro ɗan sha biyar da aikin soja shi ma ya juya, kuma da gaskiyarsa, ko da yake har yanzu Birtaniya na ɗaukar 'yan shekara sha shida da yardar iyaye. Rukuni na 155 ya fita a 1993, aka mai da horon makanikai zuwa Cosford. Abin da ya cancanci a ɗauka daga Halton ba ƙuruciyar yaran ba ce, ba kuma tsananin bariki ba. Awa takwas ɗin nan na aji ne, da buɗaɗɗiyar ƙofa daga benci zuwa kujerar shugabanci, da haƙurin gwamnatin da ta yarda ta kashe kuɗi a kan abin da ba za ta ga ribarsa ba sai bayan shekara ashirin.

Tsofaffin yaran, waɗanda yanzu mafi ƙanƙantarsu ya ba hamsin baya ko ya doshe ta, sun cika tagogin cocin barikin da gilasai masu launi, kusan kowane rukuni da tasa taga. A 1997 Sarauniya Elizabeth ta je Halton ta buɗe abin tunawa da suka gina da kuɗinsu. Ba su zaɓi siffar jirgi ba, ba su zaɓi ta Trenchard ba. Dunƙulen tagullar nan suka sa aka ƙera da girma, tare da farantinsa mai rami.